Sabon Birkin Tomasa

Da Arsenio ya yarda ya koya wa matarsa tuƙi tun suna da sauran ƙarfi, da duk wannan rigima ba ta taso ba. Amma ina! Shekara arba'in da ɗoriya yana cewa aikin Onelia a mota shi ne ta riƙe masa kwalbar kofi, ta kuma yi masa addu'a idan an zo shan kwana. Sai da ciwo ya taɓa masa ɓarin dama, ƙafar ta koma sai dai ya ja ta, sannan ya matsa gefe a kan kujera kamar wanda za a cire wa haƙori, ya ce, "To, zo ki zauna. Amma ki bi ta a hankali, ta girme ki."

Da gaskiyarsa kuwa, ta girme ta da kaɗan. Chevrolet ce shuɗiya mai ƙaton ƙugu, wadda ubansa ya bar masa, kuma kowa a ƙauyen La Ceibita da sunanta yake kiranta, Tomasa. Rabin kayan cikinta na aro ne daga motocin da suka riga ta mutuwa. Birkinta ne kawai na asali, irin na mutanen da, wanda babu abin da ke taimakon ƙafa. Ƙarfin cinyarka shi ne birkinka.

Onelia kuwa 'yar firit ce, buhun kofi ma ya fi ta nauyi. Sitiyari da giya ba su ba ta wahala ba. A filin ƙwallon bayan makaranta ta iya su, har Arsenio ya fara jin haushin saurin ganewarta. Birkin ne ya gagara. Sai ta ƙanƙame sitiyari, ta ɗaga daga kujera, ta miƙe tsaye a kan fedar tana cije leɓe, Tomasa kuma ta ci gaba da tafiyarta a natse kamar ba da ita ake ba. Rannan sai da ta kwantar wa maƙwabci shinge da ayaba biyu kafin ta ga dama ta tsaya.

Labarin ayaba bai kwana ba ya sauka Santiago, ya iske 'yarsu Idalmis a asibitin da take aikin jinya. Ranar Lahadi sai ga ta a bayan babbar motar kaya, fuska a murtuke, ko kofin da aka zuba mata ba ta kalla ba.

"Mami, magana ɗaya na zo da ita. Papi sai ya riƙa ganin likita a kai a kai. Ku kuna can saman dutse, motar haya sai ta ga dama take hawowa. Idan babu mai iya sauko da Tomasa a gidan nan, a sayar da ita, ku dawo wajena. Na riga na share muku ɗaki."

"Ɗaki," in ji Arsenio. "A hawa na huɗu. Ki ɗora ni can kamar kwandon albasa."

"Gara kwandon albasa da a tsinto ku a kwazazzabo."

Onelia ta kau da kai. Ta taga take kallon bishiyoyin kofin da uwarta ta dasa, da igiyar shanya, da kajinta. A wannan gida aka haife ta, a nan ta haifi wannan mai tsiwar da ke gabanta. Ta san ɗakin da ake magana, tagarsa bangon wani gida take kallo. Tsoro ya kama ta sosai, don ta san Idalmis ba mugunta take yi ba, kuma ta san yarinyar tana da gaskiya.

"Ki ba ni zuwa ƙarshen tsinkar kofi," ta ce. "Ki zo ki zauna a motar, in sauko da ke har gada. Duk inda kika ce in tsaya, in ban tsaya ba, ni da kaina zan ɗaure kayana."

"Da wace ƙafar, Mami?"

"Wannan kuma ba ruwanki."

Ita ma ba ta san da wace ƙafar ba. Washegari ta saka takalmi ta tafi wajen Chencho bakanike, abokin wasan dominon Arsenio tun suna samari, mutumin da bai taɓa jefar da ko noti ɗaya ba a rayuwarsa. Ya saurare ta yana sosa tumbi, sannan ya shige cikin tarkacen bayan gidansa, aka yi ta jin ƙarar ƙarafa da zage-zage. Can ya fito rungume da wata baƙar aba mai kama da tukunyar miya da aka kife da murfi.

"Ga ƙafar da kike nema. Busta sunanta. Daga wata motar Rasha na cire ta, Allah ya ji ƙan motar. Injin zai riƙa zuƙe iskar cikinta ta tiyo, ke kuma da kin ɗan taɓa feda, ita za ta danna miki sauran. Ko jikarki ta taka, Tomasa sai ta durƙusa."

A tsakar gidan su Onelia aka yi aikin, don Arsenio ya rantse ba za a taɓa motarsa a bayan idonsa ba. Aka ajiye masa kujera a inuwar mangwaro, ya zauna da sandarsa a cinya kamar alƙali. Tsohon birkin a ƙarƙashin ƙasan mota yake, babu wurin da tukunyar za ta zauna a can. Dole Chencho ya huda ƙarfen da ya raba injin da mutane, ya yi waldar mariƙi, ya rataya sabuwar feda daga sama. Da aka fara hudawa Arsenio ya rufe ido.

"Mahauci!" ya yi ihu. "Ubana ya hau da sauka dutsen nan ba tukunya ba cokali!"

"Ubanka cinyarsa ta kai gangar mai," in ji Chencho daga cikin bonet. "Kai ma da can haka. Yanzu sandar raken da ke hannun yara ta fi taka kauri."

"Ka karkata ramin."

"Idonka ne a karkace."

"Wallahi in ka ɓata mini fenti, sai na gaya wa matarka inda kake ɓoye kwalbarka."

"Ta sani, mutumina. Ita ke shanye rabi."

Haka aka yi ta yi kwana da kwanaki. Onelia tana soya musu ayaba, tana dafa shinkafa da baƙin wake, tana jin su ta taga tana dariya ita kaɗai. Abin da ya fi yi mata daɗi shi ne tun da ciwon ya same shi ba ta ji muryar mijinta da ƙarfi haka ba. Zagin ma magani ne a wurinsa.

Da aka gama haɗa tiyon da injin, Chencho ya goge hannu, ya kira su duka biyu, ya daina wasa.

"Ku saurara. Tukunyar nan da numfashin injin take rayuwa. In injin yana aiki, birki kamar man shanu. In ya mutu, taka biyu ko uku kawai za ta ba ku, daga nan fedar ta koma dutse, ta fi ta da tauri. Kai nake nufi, Arsenio. Na san halinka a gangare."

"Ni za ka koya wa mota?"

"Na dai faɗa."

Halin da yake nufi ba na Arsenio ba ne shi kaɗai. Duk direban da ya girma a kan dutsen nan, da ya wuce cocin ƙauye hanya ta fara gangara, sai ya saka giya a furi ya kashe inji, mota ta sauka da nauyinta har gada. Wa zai ƙona mai a inda Allah yake tura mota kyauta? Fetur kuwa a shekarun nan ya zama kamar turare, da kwalba ake samunsa, shi ma sai da sanayya.

Saura a fitar da iska daga bututun birki. Nan Arsenio ya yi tsalle ya dire, wannan aikinsa ne, ba mai yi masa. Chencho ya kwantar da shi a kan kwali, ya tura shi ƙarƙashin mota da sifana a hannun hagu. Onelia ta hau kujerar direba ba tare da an ce mata ba, don wannan kam ta daɗe tana yi. Tun tana amarya, duk sanda aka taɓa birkin Tomasa, ita ce a sama tana danna feda, shi yana ƙasa yana buɗe noti.

"Taka, tsohuwa. Taka. Taka. Riƙe!"

"Na riƙe."

"Kar ki saki!"

"Yaushe na taɓa saki?"

"Shekarar da aka yi guguwa kin saki, man birki ya cika mini baki."

"Kai ka ce in saki."

"Saki yanzu. Taka."

Muryarsa tana fitowa ta ƙarƙashin ƙafafunta, tana jin nishinsa a duk sanda ya ja sifana da hannun da bai saba ba. Tausayinsa ya cika ta, da so, har sai da ta share ido da bayan hannu. Ta gode Allah da ba ya ganinta daga inda yake.

Gwajin farko a filin ƙwallo aka yi. Chencho ya ce ta taɓa a hankali. Amma ƙafar da ta sha wuya a hannun tsohon birki ba ta san a hankali ba. Onelia ta miƙe ta danna da iya ƙarfinta yadda ta saba. Tomasa ta ƙame ƙiii! Hular Arsenio ta yi gaba, haƙoran robarsa suka bi ta, Chencho da ke baya ya zo ya rungumi wuyan abokinsa ba shiri.

"Ta kashe ni!" in ji Arsenio da baki wayam, yana laluben haƙora a ƙasa. "Chencho, cire tukunyarka, matar nan da ma dama take jira!"

Chencho dariya ta hana shi magana. Onelia kuwa kallon ƙafarta take yi. 'Yar wannan ƙafa ce ta tsayar da Tomasa. Ta sake gwadawa da yatsu kawai, motar ta tsaya lumui kamar an lallashe ta. Ranar ta yi ta zagaya filin har Arsenio ya ce ta isa haka, man ba ruwan rijiya ba ne. Abin da ya rage a tanki na sauka da hawowa ɗaya ne, shi ya sa ba ta taɓa gwada gangaren ba sai ranar da Idalmis ta zo.

Da safe suka tashi, rana ta fito, hanya a bushe. Onelia ta saka matashi a bayanta don ƙafa ta kai. Arsenio yana gefenta da farar rigarsa ta zuwa coci, Idalmis tana baya ta harɗe hannu.

"Tsaya a nan," in ji Idalmis a ƙofar makaranta. Tomasa ta tsaya.

"A wajen famfo." Ta tsaya.

"Kin gani?" in ji Arsenio, baki har kunne. "Ni na koya mata."

Suka wuce coci. Hanya ta sunkuyar da kai, ga Santiago can ƙasa da teku a bayanta.

"Taka kuloci," in ji Arsenio.

Ta taka. Ai tun da ta fara koyo, abin da ya ce shi take yi kafin ma ta yi tunani. Hannunsa na hagu ya miƙa ya ture giya zuwa furi, ya murɗa makulli, duk a tafi ɗaya, yana ci gaba da ba Idalmis labarin yadda aka huda motar. Shi bai san ya yi ba. Abin haushin, ita ma Onelia ba ta lura ba. Duk rayuwarta ba ta taɓa sauka wannan gangare da ƙarar inji ba. Shirun nan, da kukan tsuntsaye, da ƙarar taya a kan tsakuwa, su ne sauka a wurinta, kunnenta bai ji wani abu ya canja ba.

Kwana ta farko ta taɓa birki, lafiya lau. Ta biyu ma haka. A ta uku fedar ta ɗan yi nauyi. Da ta miƙe wa doguwar gangarar da ke ƙarewa a kwanar kwazazzabo, ta taka ta ji kamar ta taka dakali.

Ta sake takawa. Ko gezau. Tomasa ta fara gudu, bishiyoyi suna wucewa fiu fiu.

"Arsenio, ba ya ci!"

"Mami, tsaya! Mami!"

"Inji!" Arsenio ya dafe kai. "Wayyo Allah, na kashe inji!"

Babu lokacin laluben makulli, kwanar tana tahowa. Onelia ta ƙanƙame sitiyari, ta miƙe tsaye a kan fedar da ƙafa biyu. Motar ta ɗan rage, amma ba abin kirki ba. Sai ta ji Arsenio ya zamo a kan doguwar kujerar ya manne da ita, ya cusa ƙafarsa ta hagu, mai lafiyar, ya ɗora a kan nata, ya tokare bayansa da kujera.

"Taka, tsohuwa! Taka da ni!"

Suka danna tare. Ta ji takalminsa yana murƙushe mata yatsu, ta ji yana gurnani a kunnenta. Tayoyi suka yi ƙara, ƙura ta tashi, warin birki ya cika motar. Tomasa ta ja jiki, ta ja, ta je ta tsaya da hancinta a cikin ciyawar bakin kwana. Gaba kaɗan babu komai sai sarari da kan bishiyoyi.

Idalmis ce ta fara magana, hawaye shaɓe-shaɓe.

"Shi ke nan. Shi ke nan, na gani da idona. Gobe ku fara haɗa kaya."

"Ba laifinta ba ne," in ji Arsenio. Ya yi tsuru-tsuru, yana kallon hannunsa kamar na wani. "Ni ne. Chencho ya faɗa mini. Hannun ne ya tafi da kansa."

"Na sani, Papi. Kuma gobe ma zai tafi da kansa. Kai ba za ka iya zama kusa da makullin nan ka ƙyale shi ba, ita kuma ba za ta iya ƙin jin maganarka ba. To me ya rage?"

Onelia ta ja birkin hannu, ta zauna tana haki. Yatsun ƙafarta suna zafi. Yarinyar ta sake yin gaskiya, abin da ya fi ba ta haushi ke nan. Ta dubi mijinta, gumi ya jiƙa farar rigar. Ta san abin da ya rage, kuma ta san zai yi masa ciwo fiye da ƙafar. Da akwai wata hanya da ta bi ta.

"Arsenio," ta ce a hankali. "Fita ka koma baya."

Ya juyo. "Me kika ce?"

"Ka koma baya. Idalmis, dawo gaba."

"A motata?"

"A motarka, tsoho. Ko ka zauna a baya mu koma gidanmu, ko ka zauna a gaba mu tafi hawa na huɗu. Zaɓi."

Ya daɗe yana kallonta. Ta ɗauka zai yi faɗa, har ta fi son ya yi. Bai yi ba. Ya buɗe ƙofa, ya sauke sandarsa, ya sauke ƙafa mai lafiya, ya ɗago ɗayar da hannu. Idalmis ta yunƙura za ta taimaka masa, Onelia ta girgiza mata kai. Ya dafa jikin motar ya taka zuwa ƙofar baya, ya tsaya yana kokawa da mariƙin, don bai ma san sai an ɗaga shi sama kafin ya buɗe ba. Ya shiga ya zauna.

Onelia ta tayar da inji, ta jira fedar ta yi laushi a ƙarƙashin ƙafarta, ta ja baya ta hau hanya. Ta saka giya ta biyu ta bar ta a nan. Injin yana ta gunaguni, yana shan man da aka sha wuya kafin a samu. Rabin hanyar da ya rage shi ne mafi muni, kwana a kan kwana.

"Tsaya," in ji Idalmis a tsakiyar wata gangara, murya ƙasa-ƙasa. Tomasa ta tsaya.

Suka ƙara gaba. "Tsaya." Ta tsaya.

A bakin gada Idalmis ba ta ce a tsaya ba, Onelia ce ta tsaya don kanta. Idalmis ta fyace hanci, ta daɗe tana kallon ruwa.

"Ranar Talata likita yake ganin mutane," ta ce. "Ki zo da shi da wuri, layi yana tsawo. Man kuma ni zan nemo."

Onelia ta gyaɗa kai. Ta ɗaga ido ta dubi madubi. Arsenio yana tsakiyar ƙatuwar kujerar baya, ya yi ƙanƙane a cikinta, ya cusa hannuwansa duka biyu a ƙarƙashin cinyoyinsa ya zauna a kansu. Ashe haka ya sauko tun daga kwanar kwazazzabo. Da ya ga tana kallonsa sai ya gyara murya.

"Nan bayan ma ba laifi," ya ce. "Akwai wurin miƙe ƙafa."

Ƙarya yake yi, kuma ya san ta sani. Hawaye ya zubo mata, ta bar shi ya zuba, don hannuwanta biyu suna kan sitiyari.

"To miƙe ta, tsoho," ta ce. "Za mu juya gida."